Daga Woodbridge zuwa Takoma Park saboda kazar lemu

Mun tashi da asuba ranar Laraba, ni da Anti, matar kawuna, ana sallame salla muka fito. Ita ke tuƙi, ni kuma ina gefe rungume da jaka mai ɗauke da kasko, kwalbar mai, da takardar da na kwafe matakan girki har sau biyu don gudun kuskure.

Bari in faɗi dalilin tafiyar. Tun da na gama digiri na samu aiki a Silver Spring nake zaune gidan Kawu a Woodbridge, kullum kusan awa biyu zuwa, biyu dawowa. Kwanan baya na samu ɗaki kusa da wurin aiki, a Takoma Park, gidan wata Hajiya 'yar Kumasi. Kawu ya ce shi ba shi da ta cewa, a tambayi Anti. Anti kuwa ta taɓa ganin kwalayen kazar lemu a jakata, wato soyayyar kazar nan ta shagunan 'yan China mai miyar lemun zaƙi. Ta ce idan na tashi, abin da zan rayu a kai ke nan, naman da ban san wanda ya yanka ba. Na ce ina ga zan iya dafa ta da kaina. Sai ta kafa sharaɗi: ranar aiki, a kicin ɗin sabon gidan, abinci ya sauka kafin Magariba. In na kasa, zan ƙara shekara a gabanta. Hajiya kuma ta ce ba za ta riƙe mini ɗakin ya wuce ƙarshen mako ba.

A hanyar I-95 akwai layin sauri da ake biya, kuɗinsa yana hawa yadda cunkoso ke hawa, amma motar da ke da mutum uku kyauta take bi. Saboda haka mutanen yankinmu suna da wata al'ada: a tsaya a filin ajiye motoci a ɗauki baƙon da ke jiran a rage masa hanya. Muka ɗauki wani Bature mai jakar ofis. Ƙa'idar ita ce ba hira, ba ciye-ciye. Anti ta san da haka, amma kafin mu hau babban titi ta tambaye shi iyali, ta tambayi aiki, ta miƙa masa ƙosai a takarda. Ya karɓi ɗaya, ya riƙe shi a hannu har muka haye kogin Potomac. Ni dai ina kallon layin da ba a biya, motoci jere da jan fitila kamar ba za su motsa ba, ina tuna cewa a ciki nake kowace safiya.

Muka sauke shi a cikin birni, muka miƙe arewa. Lokacin kaka ya shigo, ganyayen bishiyoyi sun yi ja da ruwan ɗorawa, masu shara na tura su gefen titi da injin iska. Anti ta ajiye ni a ofis, ta wuce gidan Hajiya don ta ga ɗakin da idonta. Ban ce na yi wani aikin kirki ranar ba. Sau uku na ciro takardar girkin daga aljihu.

Ƙarfe huɗu ta dawo ta ɗauke ni, muka nufi Wheaton. Wanda bai san wurin ba, shaguna ne a jere na mutanen ƙasashe daban-daban, mai gasa kaza na 'yan Peru kusa da mai sayar da doya da manja, gaba kaɗan na Habashawa. Mun fara da shagon 'yan Asiya. Na sayi lemu huɗu, ɗanyar citta, tafarnuwa, garin kwanfulawa da binega. Wurin zaɓen soya sos, baƙin ruwan ɗanɗanon nan na waken suya, na ɓata lokaci, domin wasu kwalaben an rubuta akwai giya kaɗan a ciki. Ni ba malama ba ce, ban ce haramun ne ba, amma na juya kwalba takwas kafin na samu wadda hankalina ya kwanta da ita. Anti tana tsaye tana duba agogo.

Mahauta ce ta kusa kayar da ni. Shagon halal ne, kuma muna shiga Anti ta nuna wa mahaucin tsohuwar kaza mai taurin nama, irin wadda muke kira kazar Hausa.

"Waccan za ka yanka mana. Ita ce kaza, ba wannan mai kama da auduga ba."

"Anti, kamar dai na ga an ce cinya ake so, marar ƙashi."

"An ce, in ji wa? Ke 'yar nan, tun ba a haife ki ba nake soya kaza."

Na san tsohuwar kaza sai ta yi awa biyu a wuta kafin haƙori ya shige ta. Amma ban taɓa yi wa babba musu a gaban baƙo ba. Aka sassara ta da ƙashinta, aka ƙulle a leda, muka fito. Sai da na kama murfin mota na tsaya. Biyar saura minti goma. Idan na shiga motar nan da kazar nan kaɗai, ɗakin ya tafi.

"Anti, ki yi haƙuri, ki ba ni minti biyu."

Na koma ciki na sayi cinyoyin kazar gidan gona, na sa aka zare ƙashi da fata. Da na dawo ta dubi ledar, ta dube ni, ta tayar da mota. Muka kama hanyar Takoma Park.

Kicin ɗin Hajiya ƙarami ne, murhun lantarki mai kai huɗu, ɗaya ba ya aiki. Biyar da rabi na ɗora shinkafa. Na yanka naman ƙanana, na kaɗa ƙwai da gishiri, ina juya naman a cikin kwanfulawa sai na ji ƙarar ruwa a bayana. Anti ce ta tara tukunya, tana yanka albasa a ciki.

"Kawo a tafasa shi tukuna. Wa ke soya ɗanyen nama?"

A gidajenmu haka ake yi, a tafasa da albasa da kayan ƙamshi sannan a soya, kuma ni ma jikina bai so ba. Amma in an tafasa, garin ba zai kama ba. Na ce, "A'a, Anti. Wannan ɗanye ake soya shi. Ki zauna don Allah, yau ni ce da girki."

Hajiya ta yi dariya daga bakin ƙofa, ta ce, "Zo mu zauna, 'yar'uwa. In ta ƙona, mu ci waake na jiya, shinkafa da wakenmu na Gana." Ta ja ta zuwa falo.

Ba zan ɓoye ba, zubin farko ya lalace. Na yi gaggawa, man bai yi zafi ba, garin ya saɓule ya kwanta a gindin kasko. Na kwashe, na tace man, na jira har sai da ɗigon gari ya taso yana tsuwa. Na ƙirga naman da ya rage, na ga zai ishi mutum uku idan ban sake kuskure ba. Na riƙa zubawa kaɗan kaɗan, kowane zubi minti huɗu, ina fasa ɗaya in duba cikinsa. Wannan karon suka fito ja, da ƙaras-ƙaras. A ƙaramar tukunya na matse lemu uku, na goga ɓawon ɗaya, na sa citta, tafarnuwa, soya sos, binega da sukari, na kaurara da cokalin kwanfulawa. Miyar ta yi sheƙi, na juye naman a ciki. Wayar Hajiya ta fara kiran salla ina zuba shinkafa a faranti na uku. Ko wannan kafin Magariba ne ko a kanta, na bar wa masu karatu.

Bayan mun idar muka zauna. Miyar ta ɗan yi ɗaci, ina zaton na goga ɓawon har cikin farinsa. Anti ta ɗanɗana ta ce, "Wannan ai alewa ce aka sa wa nama." Hajiya ta kawo shito, baƙin yajin Gana mai mai, Anti ta zuba cokali guda, ta cinye farantinta, ta ɗauki tsoka biyu daga nawa. Kan maganar ɗaki ba ta ce uffan ba, ni kuma na ji tsoron tambaya.

Da yake mu biyu ne a dawowa, layin kowa muka bi. Cunkoson ya ragu, sai wajen Springfield da muka ɗan tsaya. Tsohuwar kazar tana bayan mota a cikin ƙanƙara. Mun iso Woodbridge ana shirin Isha, Kawu yana falo da carbi.

"To, ya aka ƙare?"

"Kazar dai sai a hankali," in ji Anti, tana cire takalmi. "Amma ba za ta kwana da yunwa ba. Kuma yarinyar nan taka ta iya musu, sau biyu ta yi mini yau. Asabar ka nemo babbar mota, akwai katifa."

Abin da na koya, in har na fahimta daidai, guda biyu ne. Na farko, kazar lemu tana yiwuwa a daren aiki cikin minti arba'in da biyar, idan an sayi cinya mai laushi, aka bar mai ya yi zafi, kuma ba a taɓa farin ɓawon ba. Na biyu ya fi mini wuya. Na daɗe ina ɗauka cewa ladabi shi ne in ce "kamar dai" in yi shiru, sai ranar na ga ana iya cewa a'a da girmamawa, kuma babba ya ji. Ban ce na ƙware ba. Amma jiya na kwana a ɗakina, kuma da safe da ƙafa na je tashar bas, bayan rana ta fito.