Izu Tara da Suka Rage

Ba hannuna ne ya rubuta wannan ba. Ni nake faɗa, 'yata take rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana ko da ta ji ina zagin kaina.

Gidanmu a Yakasai yake. Kakanninmu daga Barno suka zo, ba su kawo komai ba sai alƙalami da taurin kai, ni kuwa duka biyun na gada. Baba marubucin Alƙur'ani ne, yana kuma da wata al'ada da ban ga kowa da ita ba a unguwarmu. Kowace shekara ranar cika-ciki, lokacin da hankalin kowa yake kan tukunya da jelar ragon layya da aka adana, shi sai ya yi wanka da hantsi, ya shimfiɗa buzu a zaure, ya ɗauko takarda guda. A samanta zai rubuta bisimilla da layi ɗaya, layin nan dai na kowace shekara, don ya ga yadda hannunsa yake. A ƙasa sai ya amsa tambaya uku: yaya jiki, yaya zuciya, me na ƙudura bana. In ya gama ya ɗauko ta bara ya karanta. Wani lokaci ya yi dariya, wani lokaci ya girgiza kai, sannan ya haɗa su ya mayar cikin gafakarsa ta fata.

Da na isa riƙe alƙalami ya ba ni tawa takardar. Ya ce mutum yana iya ce wa maƙwabci lafiya lau alhali cikinsa na murɗawa, wannan ladabi ne. Amma takarda ba gaishe ka ta yi ba, tambayarka ta yi. Na ce to, irin "to" ɗin da ake ce wa tsofaffi.

Shekarar da Baba ya rasu ina da kamar talatin, na daɗe da haddacewa. Ranar cika-cikin da ta biyo baya na zauna a kan buzunsa na rubuta ƙudurina: zan rubuta Alƙur'ani da ka, ba tare da duba wani ba. A wurinmu sai ka yi haka da hannunka, daga farko har ƙarshe, ake kiranka alaramma. Izu sittin ne, na raba su goma-goma, shekara shida. Mai himma yana iya yin ashirin a shekara, har ya samu lokacin zuwa ɗaurin aure. To ni ba gamawa kawai nake so ba. So nake in an buɗe a tambaya hannun wane ne wannan, a ce ai ya fi na ubansa. Girman kai ne, yau na san sunansa. A lokacin ce masa nake girmama Littafi.

Ina da wani uzurin kuma. Nasara ba su fi shekara goma da shiga Kano ba, jirgin ƙasa ya iso, ayarin raƙuma ya fara ja da baya. Takarda mai wata uku, wadda Larabawa suke kawowa ta hamada, in ka ɗaga ta a rana ka ga jinjirin wata uku a cikinta, ta fara wuya a kasuwar Kurmi. Ta kanti ta cika kasuwa, amma na rantse ba zan ɗora maganar Allah a kanta ba. Duk wanda ya ce ina jan jiki sai in ce takarda nake jira.

Shekara biyu na yi izu ashirin, kuma sun yi kyau, wannan ko maƙiyina ya sani. A daminar shekara ta biyun ne, ina alwala, na ga wani tabo a damtsena na dama. Bai fi faɗin bakin ludayi ba, ya ɗan fi sauran fatar haske. Na ce ƙyasbi ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba ya ƙaiƙayi, kuma ranar da zafi ya tsananta, jikina duk ya jiƙe, wurin nan a bushe yake.

Cika-ciki ta zo. Na yi wanka, na rubuta layin sama, na iso tambayar farko. Na daɗe har tawada ta bushe a bakin alƙalami. Ku da ba marubuta ba ku fahimce ni: mu mutane ne da muke rubuta aya a allo, mu wanke, mu ba marar lafiya ya sha. Mun tashi da sanin cewa abin da alƙalami ya kafa yana shiga jiki. Ta yaya zan rubuta sunan ciwon da ko a baki ba a kiransa a gidanmu? Na ji kamar in na rubuta na buɗe masa ƙofa ne na ce bisimilla. Sai na rubuta jiki lafiya, alhamdu lillahi. Tunda kuwa jiki lafiya, ƙuduri ma na mai lafiya ne: izu goma.

A cikin wannan shekara ƙaramin yatsana da na kusa da shi suka fara yin nauyi, kamar na kwana a kansu. Wata rana na tafi Kurmi neman takarda, na bi ta Jakara. Akwai wata inuwa a bakin hanya inda kutare suke zama, nakan ajiye musu ɗan dabino in wuce da sauri, kamar kowa. Ran nan da na sunkuya hannun rigata ya zame. Wani tsoho a cikinsu, wanda ba shi da sauran yatsa ko ɗaya, bai dubi dabinon ba, damtsena ya duba. Ya ɗago ya kalli tawadar da ke yatsuna, ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada na kusa da shi su ji.

"Malam, in kana da aikin hannu, yi shi bana."

Na ja rigata na ce masa Allah ya shirye shi. Daga ranar na daina bi ta Jakara, nakan zagaya ta wata hanya mai nisa. Har yau ina jin kunyar wannan tsoho, don shi kaɗai ne a birnin nan ya ba ni sadaka a shekarar.

Izu talatin suka cika, cika-ciki ta sake zagayowa. Mai ɗakina takan fito da gafaka ta shanya takardun a rana saboda gara da sanyin damina. Ba ta yi karatu mai nisa ba, abin sallah kawai ta sani, amma a kaɗin auduga babu kamarta a lungunmu. Na rubuta layin sama ke nan na tashi in ƙaro ruwa a tawada. Da na dawo na tarar ta shigo zaure ta jera takardun shekarun baya a kan tabarma, ta ajiye sabuwar a gefensu.

"Malam, ni ban iya karatu ba, amma na san zare," in ji ta. "Wannan siriri ne, wannan ma siriri. Na yau ya yi kauri, ga gaɓa-gaɓa. Hannun da ya ja shi ba ya jin abin da ya riƙe."

Kafin in buɗe baki ta ƙara da cewa sau biyu tana soka mini tsinke a wurin tabon ina tilawa, ko motsi ban yi ba. Ba kuka take ba, da ma kukan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce in rubuta gaskiya, in ƙudura ashirin bana, in sayi takardar kanti in ta kama, tun ran gini ran zane.

Na yi faɗa irin wanda ban taɓa yi mata ba. Na ce ta koma wurin mazarinta, tun yaushe mai kaɗi ta fara duba hannun malamai. Na ce gaggawa aikin Shaiɗan ce, sannu ba ta hana zuwa. Ta tattara takardun ɗaya bayan ɗaya, ta fita. Ni kuwa na zauna, cikin fushi da tsoro, na rubuta jiki lafiya, izu goma. A gurbin zuciya ma na rubuta lafiya, ƙarya biyu ke nan a takarda ɗaya.

Daga wannan rana na lura da wani abu. 'Yata, wannan da take rubutu yanzu, tana da shekara uku, takan hau kan cinyata ina aiki, ta kama yatsuna tana wasa da su. Sai uwarta ta riƙa kiranta da zarar ta zauna, yau ta zo ta sha koko, gobe ta zo a yi mata kitso. Na gane sarai, amma na yi kamar ban gane ba. Wani lokacin ma don in nuna babu komai sai in riƙe yarinyar in ce a bar ta.

Ina cikin izu na talatin da bakwai abin ya fito fili. Da walaha ne, na fere sabon alƙalami, na ci gaba da wani shafi da na kwana uku ina yi, na sa masa ja da rawaya ya yi kyau. Sai na ga ɗigon ja a inda ja ba ta da wuri. Na duba alƙalamin jan, yana can a ajiye. Na ga wani ɗigon, da wani. Wuƙa ce ta shiga babban yatsana tun ina fere alƙalamin, ta shiga sosai, ni kuwa ina ta rubutu jini na bin alƙalami yana sauka kan aya. Ban ji komai ba. Na wanke shafin na binne a bayan ɗaki, na dawo na zauna ina kallon hannun kamar na wani ne aka ajiye mini.

Duk da haka sai da na jira cika-ciki, don taurin kai ba ya mutuwa rana ɗaya. Da izu arba'in a gafaka na zauna a buzun Baba na rubuta kalmar da nake gudu: kuturta. Sama ba ta faɗo ba, takarda ba ta kama wuta ba. Ciwon bai ƙaru don na rubuta ba, kamar yadda bai ragu ba don na ɓoye. A ƙasa na rubuta izu ashirin, ko a kan wace irin takarda.

Amma hannun bai jira ni ba. Na sha saiwoyin da wani Bafillatani yake kawowa Ƙofar Mazugal, wanzami ya yi mini ƙaho, yatsun dai suka ci gaba da lanƙwashewa. Zaure ya fara yin shiru, masu miƙo hannu suka koma gaisuwa daga bakin ƙofa. Da alƙalami ya fara suɓucewa, mai ɗakina ta yanko siririyar fata, kullum da safe ta ɗaure mini shi a hannu, ta kwance da azahar. Ko sau ɗaya ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da haka na yi izu goma sha ɗaya a takardar kantin da na raina. A na ƙarshen haruffa suka fara hawan juna, na ji tsoron in sa a maganar Allah abin da babu shi. Na ce ta kwance fatar, kada ta sake ɗaurawa.

Hamsin da ɗaya, saura tara. Na yi lissafin nan ya fi sau dubu. Da na rubuta gaskiya shekarar da na ga tabon, da na gama hannuna na da sauran kyau. Da ma maganar mai ɗakina na ji, da na gama ko da da ƙyar. Da na sani ƙeya ce. Wani abokin karatuna ya ce zai ƙarasa mini, na gode masa na hana. Ba a kirana alaramma, kuma daidai ne.

Yau shekara ashirin da wani abu. Mai ɗakina ta riga ni, Allah ya jiƙanta. 'Yata da baki na koya mata rubutu, daga nesa, hannunta kuwa ya fi nawa, ya fi na Baba. Tana aure a Jakara da 'ya'ya biyu. Kowace cika-ciki takan zo da hantsi ta rubuta mini tawa takardar, sannan ta rubuta tata.

Bana, kwana uku ke nan, ta miƙa hannu za ta ɗauki kurtun tawada, mayafinta ya zame. Na ga tabon ƙuna a damtsenta, babba, ya fara warkewa. Na tambaye ta me ya same ta.

"Murhu ne, Baba."

"Yaushe?"

Ta ja mayafin ta rufe. "Ban lura ba. Gani kawai na yi."

Mai yiwuwa ba komai ba ne. Mata suna ƙonewa kullum a wurin girki, hankalinsu na kan yara. Haka nake gaya wa kaina, ina roƙon Allah ya sa haka ne, ina kuma tuna yarinyar da na riƙe a cinyata na ce a bar ta. Tsoron da nake ji yanzu ya fi wanda na ji don hannuna. Na dubi takardarta kafin ta naɗe. Ta rubuta layin sama, ta rubuta zuciya, ta rubuta ƙuduri. Gurbin jiki babu komai, ta ce sai daga baya.

Shi ya sa na aika aka kira ta yau, na ce ta zo da takardar, na sa ta zauna ta rubuta duk wannan da hannunta. Yanzun nan ta ce mini tawada ta ƙare, mu bari sai gobe. Ina hango kurtun daga inda nake zaune, ko rabi ba a sha ba. Na ce ta rubuta wannan ma, in ta gama ta ɗauko tata.