Sun Sake Komawa Fata

Ina zaune a barandar ɗakin bincike ina jiran ƙanena, ƙofa a buɗe, ina kallon wata mata. Farar rigarta duk ta yamutse. Ta ɗago daga na'urar hangen ƙwayoyin halitta tana murza ido.

"Sun sake komawa fata," take ce wa abokin aikinta. "Na yi lallashin duniya ƙwayoyin fatar nan su zama ƙwayoyin zuciya, sun ƙi. Gadonsu ɗaya, amma tun a mahaifa aka kulle musu wasu ƙofofin."

Wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta sauke numfashi. "Na'am, Baba. Ban manta da maganinka ba. Ga ni nan."

Muryarta ta koma ta ƙaramar yarinya, alhali furfura na leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Ina jin tun tana goyon ƙannenta aka kulle nata ƙofofin.