Ƙasar Nilu a Gwangwanin Kaka

Har yau idan ruwa ya taɓa busasshiyar ƙasa na ji ƙamshin nan, sai in tuna da Kaka.

A unguwar Balad muka tashi, kusa da ƙofar Bab Makka, a garin bakin teku inda alhazai ke sauka, garin da ba kogi ba ƙorama, ruwan sha ma sai mai garwa ya kawo. Ita kuwa Kaka a bakin kogin Nilu aka haife ta, a Sudan. Da za su haye teku zuwa hajji ta ciko gwangwani da baƙar ƙasar bakin kogin, ba ta kuma sake komawa ba. Takan ce mutanen Fir'auna, duk da manyan gine-ginensu, wannan lakar ce ta ciyar da su. Kogi ya cika ya malale gonaki, ya janye ya bar musu ita, su watsa iri, ba ruwansu da jiran hadari. Ni dai a ganina ƙasa ai ƙasa ce.

Duk shekara idan zafi ya tsananta, lokacin cikar kogi ke nan, sai ta zuba wa gwangwanin ruwan shanta har ya kwanta a kai. In ya tsotse ta shuka yakuwa. Babana ya yi ta tsokanarta, wai gonar Fir'auna ta sha ambaliya.

Shekarar da ta kwanta ciwo, ni ta sa in zuba ruwan. Ina 'yar shekara tara. Ruwan randa ya yi ƙasa, na ji tsoron faɗan Inna, sai na ɗebo na rijiyar wanki, mai gishiri. Kwana uku ina zubawa. Ƙasar ta bushe da farin ɓawo a kai, ko tsiro ɗaya bai leƙo ba.

Na kai mata. Ta dangwala ta ɗanɗana.

"Halas, shi ke nan," ta ce. "Teku ta cinye min kogina."

Ba ta zage ni ba. Wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Kafin hajjin shekarar ta rasu.

Yanzu ina unguwar Safa, a bene hawa na uku, ruwa na zuwa ta famfo, shi ma na teku ne aka tace. An ce can Masar ma an datse kogin, laka ta daina isa gonaki. Jikokina ba sa jin Hausa sosai balle in ba su labari. Gwangwanin yana nan. Na wanke ƙasar da ruwan daɗi ya fi a ƙirga, na shuka, na tsufa ina leƙawa, babu abin da ya fito.