Ranar da Kofur Audu Ya Tsaya Cikin Ruwan Ƙanƙara

Shekara goma ke nan, a wannan farkon damina, da muka binne yayana Audu, wanda mutanen ƙasar Dukku suka fi sani da Kofur. Ya rasu ana kiran ƙasar nan Jihar Arewa, yau an ce mu 'yan Jihar Neja ne. Ni ba marubuci ba ne. Elementare na yi, na kama aikin sito a Kontagora, kuma aikin ya koya mini ajiye kowane abu a wurinsa. Don haka zan fara da ruwan, sannan mutumin, sannan ranar da suka haɗu.

Bayan ƙauyenmu akwai dutse. Rafi yana saukowa ta tsagoginsa, ya taru a gindi, a wani wuri mai zurfi da muke kira Gurbin Sanyi. Kanya da maje sun rufe shi, ba ya ƙafewa ko da rani ya yi tsanani. Sau ɗaya a shekara, kafin ruwa ya sauka, akan yi su a cikinsa, wato kamun kifi na gayya, mu da ƙabilar Dukawa da ke ɗaya gefen dutsen. Kifin da aka yi banda a ranar shi ne daɗin miyar ƙauyuka biyu har kaka. Wanda ya tsira daga su, shi ne iri.

Yaya Audu ya yi soja zamanin yaƙin Turawa, an kai su har ƙasar Indiya. Bai cika ba da labarin bindiga ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne duwatsu masu farin kai. Ya ce wata ƙanƙara mai laushi kamar garin gero take kwanciya a kansu, idan zafi ya zo ta narke, rafuka su cika ba tare da an yi hadari ba. Ya ce kifin can sama sanyin yake so, in ruwan ya yi ɗumi ya halaka. Na ƙasa kuwa, in ruwan narkewar ya afko masa lokaci guda, sai ya sandare ya taso kamar matacce, rana ta fito ya farfaɗo. Mutane sukan yi dariya. Amininsa Ishaya, wani manomi Badukke kuma Kirista, yakan ce, "Kofur, ruwa ya hau dutse ya kwanta barci? Ka rage mana, mu ma mun taɓa zuwa Zungeru."

Damina ta farko bayan samun 'yancin kai, ina gida hutu, aka yi ƙanƙarar da ban taɓa ganin irinta ba. Bayan azahar ta sauka, ta karairaye geron da bai fi tsawon hannu ba, alhali rumbuna sun kusa zama wayam. Ta cika tsagogin dutse fal, ta narke, ruwan ya gangara gurbin. Ba a jima ba aka zo da labarin cewa karfasa sun taso birjik, ciki a sama. Kada mai karatu ya zargi mutanenmu. Wanda ya ga gonarsa a kwance, ya juya ya ga kifi a kan ruwa, dole ya ce Allah ne ya ɗauke can ya mayar nan. Maza da mata suka yi gurbin da kwanduna.

Yaya ya riga su. Ya tuɓe riga ya miƙa mini, ya shiga ruwan har ƙirji. Na sa hannu na taɓa, sai da ƙashina ya amsa.

"Jama'a, ba su mutu ba," ya ce. "Sanyi ne ya buge su."

Wani ya ce, "Kofur, yau kuma kifi za ka yi wa fareti?"

Aka yi dariya, amma irin ta mai jin yunwa. Yaya ya kama wata karfasa, ya buɗe bakinta da yatsa, ya ɗaga. Bakin cike da ƙwai. Masunta sun san karfasa a baki take renon 'ya'yanta, sai dai a ranar ba wanda ya so ya tuna.

"Wannan ita ce su ɗin baɗi," ya ce. "In kuka kwashe yau, za ku ƙoshi kwana nawa? Ku ba ni zuwa la'asar sakaliya. In ba su motsa ba, ni da kaina zan cika muku kwanduna."

Matarsa Hauwa tana bakin ruwa, da nata kwandon. Ta ce, "Malam, ka fito ka yi wa'azin a tudu. Kifin nan ba su san ka ba."

Bai fito ba, kuma ya san dalili. Da ya taka tudu, da an shiga. Ba mai jin kunyar kifi, amma kowa yana jin nauyin ture dattijon da haƙoransa ke kaɗawa. Can sai Ishaya ya ajiye kwandonsa, ya shiga yana zage-zage da harshensu, ya tsaya kusa da shi. Ya ce, "Ba don na yarda da ƙaryarka ta Indiya ba ne. Don kada ka mutu kai kaɗai a ce Dukawa na kallo." Ni kuma na haɗa wuta a bakin ruwa, abin da na iya ke nan.

Rana ta fito. Aka jira. Kifin farko da ya juya ƙarami ne, ya kaɗa jela ya nutse. Sai wani, sai wani. Kafin la'asar sakaliya mafi yawa sun koma ƙasa. Waɗanda suka mutu da gaske aka tsame, Yaya yana lulluɓe da bargo ya sa aka raba, aka fara da gidajen marayu. An yi su a shekarar da ta biyo, an kuma samu.

Amma tarin da ya kwaso a ranar bai sake shi ba. An yi na gargajiya, an kai shi asibiti a Kontagora, yakan yi sauƙi da rani ya dawo da damina, har 'yan shekaru, sannan ya tafi da shi. Ajali na Allah ne, ban yi jayayya ba. Sai dai Yaya Hauwa ta daɗe ba ta cin kifin gurbin. Ta taɓa ce mini, "Ƙanin miji, karfasa ta raba ni da yayanka, kada ka kawo mini ita gida."

Yanzu ga abin da zai tarar in da zai leƙo. Na farko, an sare yawancin itatuwan kan dutsen, an yi gonaki. Na biyu, ruwan sama ba ya tsayawa ya tsattsafo a hankali kamar da, gaba ɗaya yake afkowa da jar ƙasa, gurbin yana cikewa. Na uku, da rani ruwan da muke kira na sanyi ɗumi yake yi, don ba inuwa. Na huɗu, kuma shi ya fi ɓata mini rai, wasu matasa sun koyi zuba maganin ƙwari a rafi don su kwashi kifi ba wahala. Sabuwar jiha ta zo, ana maganar hanya da famfo, ina murna. Amma na san Yaya zai tambaya, wa ke duba abin da ke saukowa daga kan dutse? Yakan ce a can Indiya da nan duk ɗaya ne, abin da ya faru a sama shi kifin ƙasa yake sha. Ba na jin zai yi ihu. Zai nemi irin kanya, ya hau dutsen ya shuka.

Bai bar gida mai kwano ba, bai bar sarauta ba. Na yi ta auna abin da ya rage nasa, har bara, da aka sake yin ƙanƙara ina ƙauye. Ba ta kai waccan ba, amma karfasa sun taso. Na yi gurbin da sauri, don Yaya ba ya nan, Ishaya kuma ya tsufa, ba ya iya saukowa. Na tarar da mutane zaune a bakin ruwa, kwanduna a kife. A kan falalen dutsen da ya fi kusa da ruwan, Yaya Hauwa ce zaune da sanda a cinya. Wani magidanci ya matsa, ta ɗaga sandar.

"Koma ka zauna," ta ce. "An riga an biya wannan ruwan. Ba za a biya sau biyu ba."

Ya koma. Muka jira rana, ita ba ta ɗauke ido daga ruwan ba har na ƙarshe ya juya ya nutse. Allah ya jiƙan Kofur Audu, ya sanyaya makwancinsa.