Mai Aikin Ido a Kasuwar Tawa

Har yau in na ji ƙarar sanda tana bugun tsakuwa, sai kakana ya faɗo mini a rai. Bari in ba ka labarinsa, ko zuciyata ta yi sauƙi.

A 'yan shekarun da suka biyo bayan samun mulkin kai, muna zaune a wani ƙauye kusa da Affala. Kakana mutum ne da idonsa ke ci da shi. Duk mai son sayen raƙumi ko saniya sai ya zo ya tafi da shi kasuwar Tawa, ya dubi dabba tun daga nesa ya ce wannan lafiyayya ce, waccan a bar ta. Da tsufa ya zo, sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Na dama ya yi fari fat, na hagu kuwa yana ganin hanya da inuwar mutane. Sannu a hankali aka daina zuwa nemansa. Ranar kasuwa sai ya sa rigarsa ya zauna a ƙofar gida, har rana ta yi tsaka ba wanda ya yi sallama. Wallahi abin yana ci mini rai, ko da yake ni yarinya ce.

Bayan an gama yankan hatsi, aka ce wani baƙo mai aikin ido ya sauka a bakin kasuwa. Da tsinken ƙarfe yake tura yanar ta faɗa cikin ido, nan take mutum ya gani. Kakana ya ce sai an kai shi. Muka tafi da shi a kan jaki, ni da kakata da baffana.

A ƙarƙashin wata rumfar kara aka zaunar da shi, ga warin kashin dabbobi, ga ƙuda. Baffana ya riƙe masa kai. Na rufe fuskata da zanen kakata, sai na ji kakana ya yi salati da ƙarfi. Ya juyo, hawaye da jini suna bin kumatunsa, ya ƙura mini idon dama.

“Ashe haka amaryar tawa take da muni?” in ji shi.

Kowa ya yi dariya, har da ni. Sai ya ce a yi masa ɗayan ma. Kakata ta matso, ta rage murya.

“Malam, a bar guda. Mu ga yadda wanga zai kwana.”

“Mutumin gobe zai wuce. Ina za mu gane shi?” in ji kakana.

Ba a musu da tsoho a gaban jama'a. Aka yi na hagun ma.

'Yan kwanakin farko ya sha kallo. Ya zagaya rumbuna, ya shiga garke yana faɗin wace akuya ta rame. Daga nan idanun suka kumbura, suka yi ja, ciwon kai ya hana shi ko sujada. Da aka kai shi asibitin Tawa, malamin asibiti ya duba ya girgiza kai, ya ce an makara. Baƙon kuwa ko ƙurarsa.

Bai ƙara ganin komai ba har ya koma ga Allah. Kakata ce ta riƙa jansa zuwa masallaci, ta tsaya daga nesa har a sallame. Ban taɓa jin ta ce masa ai na faɗa maka ba, ko sau ɗaya.

Yanzu ni ce tsohuwar gida. Duniya ta sake, ana aikin ido a asibiti da tsabta, amma har gobe ina jin masu tsinke suna bin ƙauyuka, kuma tsofaffi suna ba su ido. Haushi kamar ya kashe ni! Bara da yanar ido ta kama ni, 'ya'yana suka kai ni Tawa aka yi mini aiki a idon hagu. Na tambayi likita yaushe za a yi ɗayan, ya ce, “Inna, sai wannan ya warke tukuna.” Sai na fashe da kuka. Ya yi ta ba ni haƙuri, ya zaci tsoro nake ji.