Ƙugun Babur ɗin Yusha'u

Shagona na ɗinki yana kallon tashar 'yan kabu-kabu ta Wara, saboda haka babu wanda zai ba ni labarin Yusha'u. Shekara ashirin da ɗoriya ina ganinsa ta ƙofar shago, ni a kan keken ɗinki, shi a kan babur. Rigar ƙungiya da yake ɗorawa a kan kaftaninsa ma ni na ɗinka ta, ruwan ɗorawa, da lamba huɗu a baya, don shi ne mutum na huɗu da ya fara ɗaukar fasinja a garin nan. Ukun da suka riga shi duk sun rasu. A tashar nan kuwa doka ce, wanda ba shi da riga ba ya ɗaukar ko kaza.

Asalinsa masunci ne, ɗan masunta. Sanyin ruwa ya kama masa ƙirji, ya bar komar kamun kifi da jirgi, ya sayi wani tsohon babur na malaman gona a gwanjo. Dogo ne, mai ƙafafun barewa, shakazobarsa, abin da ke shanye gargada, guda ɗaya tak a tsakiya, ba irin na kowa mai biyu a gefe ba. Yusha'u ba ya gudu. Samarin tasha suna kiransa Motar Asibiti, suna dariya, amma duk mace mai ciki ko mai goyo, da duk tsohon da bayansa ke ciwo, sai su wuce samarin nan goma su zauna a bakin shagona suna jiran ya dawo. Ya san kowane rami tsakanin Wara da Libata, har da wanda ruwan jiya ya haƙa.

Aibinsa ɗaya, tsafta har ta yi yawa. Kowane ɗan kabu-kabu a nan yakan tura babur cikin tafki ya wanke, haka muka taso muka gani, ruwa ga shi nan kyauta. Amma su sai sun ga dama. Yusha'u kuwa duk Jumma'a da safe sai ya shigar da nasa har ruwa ya kai cikin injin, ya bi shi da soso da sabulu lungu-lungu, ya fito da shi yana ƙyalli. Matarsa Barakatu takan ce ko 'ya'yan da ta haifa masa ba su sami wanka irin na mashin ɗin nan ba.

Da damina ta bara ya fara jin bayan babur ɗin yana kaɗawa in ya shiga kwana. Ya kai wa Jamilu bakanike, wanda ke da rumfa a bayan tasha. Jamilu ya riƙe shi rabin yini, ya dawo da shi ya ce ya gyaru. Ya kuwa yi shiru na mako biyu. Ranar nan Yusha'u ya ɗauko Ladidi, wata mata daga ƙauyen gefen Libata, da ɗan buhun gyaɗarta, suna gangarowa a hankali kamar kullum, sai bayan babur ya yi gefe guda, suka zube. Ladidi ta dafa ƙasa, wuyan hannunta ya karye. Shi ya ɗauke ta zuwa wajen mai ɗori, da gwiwarsa tana jini.

Kafin la'asar gari ya gama yanke hukunci. Tsufa ne. Ido ya tafi. Wani ya ce ya ga hannunsa yana rawa a wajen mai shayi, wani ya ce ai tun bara yake ƙyafta ido in rana ta yi. Mutanen da ba su taɓa kallon hannun Yusha'u ba sai lokacin karɓar canji, ranar nan duk suka zama likitoci. Washegari Basiru, ciyaman na ƙungiya, yaron da Yusha'u ya kai uwarsa asibiti a kan wannan babur ɗin ranar da za ta haifi ƙanensa, ya tara mutane a gindin darbejiya.

Ya ce, "Baba Yusha'u, ba ƙinka muka yi ba. Amma jiki ya hwaɗi gaskiya. Ka aje riga ka huta."

Yusha'u ya ce, "Basiru, ba ni na ba, mashin na. Ƙugu nai ka rawa."

Ƙugu yake ce wa ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar baya, wanda ke hawa da sauka in an faɗa rami.

Aka kira Jamilu. Ya zo yana goge hannu da tsumma, ya ce, "Ni nig gyara shi da hannuna. In akwai rawa, to ba ga mashin take ba."

Aka kwashe da dariya. Har yau in na tuna dariyar nan sai raina ya ɓaci. Mutum ya yi shekara ashirin bai taɓa kayar da ko kwandon tumatir ba, ya faɗi sau ɗaya, ya buɗe baki ya faɗi dalili, a mai da shi abin raha! Babu wanda ya sunkuya ya taɓa tayar nan. Babu wanda ya je ya tambayi Ladidi abin da ta ji, ita da ke zaune daidai kan wurin. Yusha'u ya cire rigar, ya ninke ta, ya miƙa wa Basiru da hannu biyu, ya tura babur ɗinsa gida a ƙasa. Kwana uku bayan haka Basiru ya kawo mini rigar shago, ya ce a rage ta, za a ba wani surukinsa siriri. Na karɓa.

Da na ji kwana biyu shiru sai na leƙa gidan Yusha'u. Na tarar ya kife turmin Barakatu a tsakar gida, ya ɗora cikin babur a kai, tayar baya tana lilo a sama. Ya cire sarƙa, ya cire taya, ya cire shakazoba da 'yan ƙananan ƙarafan da ke haɗa ta da ƙugun. Kowane noti ya ajiye shi a kan tabarma bisa jerin yadda ya fito, don bai taɓa kwance wurin ba, yana tsoron ya manta hanyar komawa. Dogon ƙarfen da ya ratsa ƙugun ne ya ƙi fita. Kwana biyu yana ɗiga masa kananzir safe da yamma, yana ɗora itace a kansa yana bugawa da guduma a hankali don kada bakin ya lalace. Barakatu kuwa a gidan maƙwabta take daka, tana mita.

Ina nan zaune ƙarfen ya saki. Abin da ya biyo shi ba boris ba ne, zoben allurai na ƙarfe da ƙugun ke juyawa a kansa. Jan gari ne, da laka, da ruwa baƙi mai wari, da 'yan guntayen allurai na ƙarfe. Sai kuma wani abu a naɗe. Yusha'u ya zaro shi da filaya ya warware. Yankin gwangwanin tumatir ne, hoton tumatir ɗin ma bai goge ba. Gyaran Jamilu ke nan. Ya ga boris ya mutu, bai san inda zai samo irinsa ba, maimakon ya ce bai sani ba sai ya naɗa gwangwani ya cusa, ya ɗaure noti tam, ya sallami dattijo ya je ya ɗauki matan mutane a kai.

Na miƙe ina zage-zage, na ce yanzu zan je rumfar Jamilu. Yusha'u ya ce in zauna. Yana murza lakar nan a yatsa, yana shinshinawa. Ya ɗauki robar da ke rufe bakin boris ɗin, ta bushe ta tsage. Masunci ba ya kasa gane warin tafki.

Barakatu ta leƙo ta kafaɗarsa ta ce, "To Malam, ga wankanka na Jumma'a nan."

Bai musa ba. Ruwa yana shiga duk mako ba ya fita, ya cinye giris, ya koma kan ƙarfe. Ya ce, "Rabi nawa na, rabi na Jamilu. Amma ido ba shi da ko kaɗan ciki."

Ya ƙulle matattun boris ɗin a tsumma ya shiga mota zuwa Yelwa. Masu kayan babur suka juya su suka ce ba su da irinsu. Ya wuce Kontagora, a can ya samu, da sababbin robobi da gwangwanin giris. Matsalar kuma yadda za a shigar da su, don in aka buga da guduma sun lalace. A nan zamansa na ruwa ya yi masa rana, don ya sha zama yana kallon masu gyaran injin jirgi. Ya wanke ƙugun da kananzir, ya goge ramukan da 'yar takarda mai yashi, ya jefa shi kan kwanon ɗaki da tsakar rana har ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Boris ɗin kuma ya ƙulle a leda ya binne cikin ƙanƙarar da ya roƙo wajen masu kifi. Ƙarfe mai zafi ya buɗe, mai sanyi ya tsuke. Ya zura dogon ƙarfe mai zare ta ciki, da faffaɗan faifan ƙarfe mai huda a kowane gefe, yana ɗaure noti da sifana kaɗan-kaɗan, yana tsayawa yana duba ko ya karkace, har kowanne ya zauna a gurbinsa.

Abin da ba zan manta ba shi ne na ƙananan ƙarafan. Boris ɗinsu allurai ne a sake, kowace ba ta kai tsinken ashana ba, ashirin da wani abu a zobe ɗaya. Ya zube su a farantin tangaran na Barakatu don kada su faɗa yashi. Ya shafa giris a cikin zoben, yana ɗaukar allura da kan yatsa yana mannawa, ɗaya kusa da ɗaya, har da'ira ta rufe. Zobe huɗu ya yi haka, ba tabarau, ko ɗaya ba ta faɗi ba. Ni tela ne, sai na yi sau uku kafin zare ya shiga allura. Na zauna ina kallon hannun da gari ya ce yana rawa, sai na tashi ban yi sallama ba.

Ranar kasuwa ya shigo tasha a kan babur ɗin, ba riga, ba fasinja. Ya kafe shi, ya ajiye kwano a gaban Basiru, da jan garin da yankin gwangwanin a ciki. Ya ɗaga bayan babur ya ce, "Basiru, kama tayag ga ka girgiza."

Basiru ya kama ya girgiza hagu da dama. Ko motsi. Yusha'u ya taka zuwa babur ɗin Basiru, ya sa wani ya karkata shi, ya kama tayar baya da hannu ɗaya. Ƙwas, ƙwas. Ya wuce na gaba, haka. Na gaba da shi ma haka. Duk 'yan wankan tafki ne, duk kuma rumfa ɗaya suke zuwa. Da aka waiga neman Jamilu, sai tsummansa a kan benci.

Ladidi tana cikin taron, hannunta a naɗe da kara. Ta ce, "Ni tun ranan nan nic ce mashin ɗin ya zame ƙarƙashina kamin mu hwaɗi. Wa at tambaye ni?"

Kuna tsammanin an ba shi haƙuri? Ko ɗaya. Basiru ya sosa ƙeya, ya ce ai dama ƙungiya bincike take yi, ya juyo wajen shagona ya ɗaga murya, "Tela, kawo rigar Baba!"

To, a nan ne fushina yake komowa gida. Na zagi Basiru, na zagi Jamilu, na zagi masu dariya, amma ranar da aka kawo mini rigar nan ban ce a dakata ba. A ranar na sa mata almakashi. Na cire tafin hannu guda a kowane gefe, na bi da ɗinki biyu, na zubar da ƙyallen. Ni ma na yarda ya ƙare, ni da na fi kowa ganinsa. Surukin ne kawai bai zo karɓa ba.

Na fito da ita a gaban jama'a. Yusha'u ya zura hannu ɗaya, ya zura na biyu da ƙyar. Ta ɗame masa kafaɗu, gabanta ya ƙi haɗuwa, lamba huɗun ta tattare a bayansa. Wani yaro ya fara dariya, aka harare shi. Yusha'u ya juya gefen rigar, ya bi sabon ɗinkin da babban yatsa tun daga hammata har ƙasa. Ya san hannuna, shekara ashirin ni ke masa ɗinki. Ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, "Ɗinki ya yi kyau, tela."

Sannan ya taka babur, Ladidi ta hau baya da buhunta, suka fita a hankali.

Yanzu da bokiti da tsumma yake wanke babur a ƙofar gida, samarin tasha kuma suna kai masa nasu ya duba musu ƙugu, shi da suka ce ba ya gani. Na ɗinka masa sabuwar riga daidai jikinsa, na kai masa har gida. Ya yi godiya sosai, ya ba Barakatu ta ajiye a akwati. Tsohuwar yake sawa, a buɗe, kullum da safe yana wucewa ta ƙofar shagona yana ɗaga mini hannu.