Malam Kalli Gaji da Rantsuwar Katuzu

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Malam Kalli Gaji a garin Gashuwa ta ƙasar Bade a shekarar 1911, a unguwar masunta da ke bakin kogi. Mahaifinsa shi ne Modu Gaji, masunci kuma mai bandar kifi, mahaifiyarsa kuwa Yagana ce, 'yar wani manomi na Katuzu. Cikin 'ya'yan da suka haifa biyu ne suka rayu, wato shi da ƙanensa Saleh, wanda Kalli ya girme shi da shekara tara.

Ya yi karatun allo a wurin wani Goni, wato gwanin Alƙur'ani, na unguwarsu, ya sauke Alƙur'ani a 1926, sannan ya zauna shekara uku yana karatun fiƙihu, har ya wuce babin rantsuwa da kaffararta. An ambaci wannan ne da gangan, domin daga baya wasu sun so a ɗauka cewa jahilci ne ya ɗaure masa baki, alhali kuwa mutumin ya san hukunci sarai.

Sana'arsa da Aurensa

Da jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930, sai Kalli ya shiga ɗaukar banda a kan jakuna daga Gashuwa zuwa tasha, inda fatake suke saye su yi kudu da ita. A 1933 ya kafa rumfa a kasuwar Nguru, a nan kuma ya saba da Mudi Dauda, wani ɗan kasuwar hatsi wanda iyayensa suka zo daga Haɗeja. Mudi mutum ne mai fara'a da zaƙin baki, wanda bai taɓa barin taro ya watse ba tare da ya san sunan kowa ba, kuma a lokacin an ɗauki wannan hali nasa a kan kirki ne.

Kalli ya auri Fanna a 1934, ta haifa masa 'ya'ya biyu, ta rasu a 1940. Bayan shekara guda ya auri Suwaibatu, 'yar wani maɗinki na Nguru, wadda ya zauna da ita har ƙarshen rayuwarsa.

Shekarun Yaƙi da Kafa 'Yan Gora

A 1942 aka umarci masu unguwanni su kawo samari domin yaƙin Turawa. An kira abin da sunan sa-kai, amma a unguwar masunta ba a ga wanda ya sa kansa ba, sai dai wanda aka nuna da yatsa. Saleh yana cikin waɗanda aka nuna. Kalli ya raka shi har tashar Nguru, ya ga an gwada faɗin ƙirjinsa da igiya an tura shi cikin tarago. A 1944 takarda ta zo cewa ya rasu a ƙasar Bama, can ƙetaren teku, ba a faɗi inda aka binne shi ba. Wannan abu ya ƙona wa Kalli rai ƙwarai, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba.

Tun kafin zuwan takardar, a ranin 1943, ya tara mutum goma sha huɗu a Katuzu, masunta da 'yan dako da ƙananan 'yan kasuwa, suka ƙulla cewa ba za a ƙara ɗaukar ɗan talaka zuwa yaƙin da bai san mafarinsa ba. Dabararsu ita ce, duk saurayin da aka ji za a nuna, sai a kai shi fadama a sa shi cikin masunta, a koya masa hawan gora, wato babbar ƙwaryar da masuntan Bade suke kifewa a kanta su yi su. Cikin kwana ashirin rana ta ƙona shi, hannunsa ya yi kanta, ba mai raba shi da ɗan gado. Daga nan ne aka laƙaba musu suna 'Yan Gora.

Ƙa'idarsu ita ce mutum biyu kaɗai suke sanin bukkar da aka sauke baƙo, wato wanda ya kai shi da wanda yake aika masa gero. Kalli ne mai kaiwa, Mudi ne mai gero. Saboda tsoron 'yan leƙen asiri kuma, Kalli da kansa ya tsara rantsuwar da kowa ya dafa Alƙur'ani ya yi, cewa ba zai ambaci laifin ɗan ƙungiya a gaban bare ba, ko da a gaban alƙali ne. Zuwa 1945 sun ɓoye samari fiye da sittin, ba a kama ko ɗaya ba.

Shiga Siyasa

Bayan yaƙi 'Yan Gora ba su watse ba. Sun ci gaba da ƙin aikin tilas, kuma a 1952 suka zama ginshiƙin wata ƙaramar jam'iyya mai suna Jam'iyyar Manoma da Masunta. A 1955 aka ba da damar zaɓen wakilai zuwa majalisar garin Nguru. Da yawa sun so Kalli ya tsaya, ya ƙi, ya ce bakinsa ba ya iya lanƙwasa magana, ya gabatar da Mudi. Shi ya zaga unguwa-unguwa yana nema masa ƙuri'a, Mudi ya ci, kujerarsa kuwa ita ce kaɗai talakawa suka samu. A shekarar da ta biyo baya ya je Makka ya dawo Alhaji Mudi.

Babbar damuwar jam'iyya a lokacin ita ce takardar izinin yin lacca a kasuwa, wadda aka yi ta nema ana hana su.

Kamen Katuzu

A 1956 samari suka fara tsallako iyaka ta wajen Machina, suna gudun a ɗauke su zuwa yaƙin da Faransa take yi a Aljeriya. Kalli ya farfaɗo da tsohuwar dabara. A farkon 1957 akwai mutum goma sha ɗaya a fadamar Katuzu, cikinsu har da Hammadu, wani manomi wanda ya zo da matarsa Bintu, aka sauke ta a gidan Kalli na Nguru. Hammadu ya taho da likkafaninsa a cikin jaka kamar yadda matafiya na da suke yi, ya ce in ajali ya riske shi a hanya kada ya zama wa baƙi nauyi.

A watan Maris na 1957, da rana tsaka, 'yan doka suka isa fadamar. Ba su tambayi kowa hanya ba, ba su leƙa bukkar da ba ta da baƙo ba. Bukka biyar suka nufa ɗaya bayan ɗaya, suka ɗaure mutanen, aka miƙa su a bakin iyaka. Jakar Hammadu kaɗai aka samu a rataye, aka kawo wa Bintu. Kwana goma sha biyu bayan haka takardar izinin lacca ta fito, da sunan Alhaji Mudi a kanta. 'Yan jam'iyya suna cewa dacewa ce kawai, mai son ya yarda sai ya yarda.

Kalli ya kira taron 'Yan Gora a zauren gidansa, ya tambayi Mudi a gaban kowa. Waɗanda suka halarta sun ruwaito cewa Mudi bai musanta ba. Abin da ya ce shi ne, "Malam, an ce mini muddin muna ɓoye mutanen Faransi, ba za a ɗauke mu jam'iyya ba, sai 'yan tawaye. Mutum goma sha ɗaya ne a can, a nan kuwa talakan ƙasa ne gaba ɗaya." Kalli ya nemi a cire shi daga jam'iyya. Cikin mutum ashirin da ke wurin, biyu ne suka goyi bayansa. Sauran, waɗanda wasunsu a gora aka tsirar da su a 1943, suka ce kujera ɗaya gare su, in suka kayar da mai ita sun miƙa wa abokan gaba, a yi haƙuri tukuna sai an samu mulkin kai. Da ya ce to zai faɗa wa gari, sai suka tuna masa rantsuwar Katuzu, suka maimaita masa ita da irin kalmomin da shi ya tsara.

Shekarun Shiru

Kalli ya yi shiru, shirun kuwa shi ya ci. Gari ya san mutum biyu ne suke sanin bukkoki, ɗaya yana lacca a kasuwa yana la'antar yaƙin Faransa ana yi masa tafi, ɗayan kuma ya daina fita taro, yana sunkuyar da kai. Ba a daɗe ba aka fara raɗe-raɗin cewa Kalli ne ya sayar da baƙinsa. Masunta suka daina ba shi banda, kuma ba a ji wani ɗan jam'iyya ya tashi ya wanke shi ba.

Bintu ta bar gidansa ta koma aikin surfe a wata unguwa. Kafin ta fita ta tsaya a bakin zaure, ta kira shi da Ba, wato Baba, ta ce, "Ba Kalli, gidanka mijina ya bar ni. In ba kai ba ne, ka faɗa mini ko wane ne." Bintu bare ce a hukuncin rantsuwa, saboda haka ya ce mata Allah ya sani, ita kuwa ta ɗauki wannan amsa a matsayin iƙirari.

A nan tilas a faɗi abin da masoyansa ba sa son ji. Malam Kalli ya san cewa wanda ya rantse a kan abu, sannan ya ga alheri yana cikin saɓawa, ciyar da miskinai goma ya ishe shi. Bai rasa geron mutum goma ba. Suwaibatu ta ba da labari daga baya cewa ta tuna masa haka fiye da sau ɗaya, amsarsa kuwa ita ce, "Ni na kai Mudi kujerar nan, in ta faɗi wa ya rage mana?" Ashe ba rantsuwa kaɗai ce ta riƙe shi ba. Ciwon da ya kama sauran 'yan jam'iyya shi ma ya kama shi, bambancin kawai shi ne nasa ya hana shi sukuni.

A ƙarshen 1958 mutum uku daga cikin goma sha ɗayan suka dawo, suka tabbatar da cewa Hammadu ya rasu a can.

Kaffara da Ɗauri

A watan Janairu na 1959 Kalli ya sa aka dafa tuwo, ya kira miskinai goma ya ciyar da su a ƙofar gidansa bayan sallar Juma'a. Duk wanda ya san fiƙihu ya gane abin da ake nufi, kuma an ce kafin la'asar labari ya isa gidan Alhaji Mudi. Ranar kasuwa ya hau turmi a layin 'yan banda, ya faɗi yadda aka yi daga farko, ya ambaci sunan Mudi, ya kuma ambaci nasa laifin na shirun shekara biyu. Bai sauka ba sai da 'yan doka suka sauko da shi. Laifin da aka tuhume shi da shi shi ne yin lacca ba tare da takardar izini ba, domin takardar garin ɗaya ce, kuma an san mai ita. An ɗaure shi wata uku. Jam'iyya ta ba da sanarwa cewa rashin ƙanensa ne ya taɓa masa hankali, Alhaji Mudi kuma ya sake cin kujerarsa.

Rasuwarsa

Ya fito daga kurkuku da ciwon ƙirji, ya yi jinya a gidansa na Nguru, Allah ya yi masa rasuwa da safiyar Litinin a watan Agusta na 1959, yana da shekara arba'in da takwas. Alhaji Mudi ya aiko da turmin alawayyo domin likkafani da sunan jam'iyya, Suwaibatu ta mayar wa ɗan aiken. Ana cikin shawarar inda za a samo wani, sai Bintu ta shigo da jakar mijinta, ta ciro likkafanin da ta yi shekara biyu da rabi tana ajiya, ta miƙa wa masu wanka ta ce, "Mai shi bai samu ba. Ku sa wa Ba Kalli." A cikinsa aka yi masa sutura, aka binne shi a maƙabartar Nguru bayan azahar. Masuntan Katuzu sun yi tattaki sun zo gaisuwa ranar uku.

Ya rasu ya bar matarsa Suwaibatu da 'ya'ya biyar: Modu da Yagana, 'ya'yan marigayiya Fanna, sai Saleh da Saudatu, da autansu Hammadu, wanda aka haifa wata bakwai bayan kamen Katuzu. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa shirunsa.